Ke Mai Gudu A Makaranta, Kambas Ɗinki Ya Kama Ƙafarki Kuwa?

'Yan uwana mata, musamman ku ƙannena 'yan makaranta na Kankiya da Kusada da ƙauyukan kewaye. Idan gasar wasanni ta gidaje ta matso, kowace hankalinta yana kan rigar gidansu, ja ce ko shuɗiya, da kuma waɗanda za su zo kallo. Takalmi kuwa ko oho! Wata ta aro na yayanta namiji, wata Baba ya sayo mata na gwanjo mai lamba 41 alhali ƙafarta 38 ce, wai "ai za ta girma a ciki." Sai a cusa tsumma a bakinsa a ce an gama. To wallahi nan gizo ke saƙar.

Ƙafar nan taki ƙasusuwa 26 ne a cikinta, jijiyoyi suka ɗaure su. Idan kina gudu kika zo kwana, ko kika ci birki za ki kauce wa wata, takalmi zai kama ƙasa ya tsaya, amma in da fili a ciki ƙafa sai ta ci gaba da zamewa. Kafin ta sami abin tokarawa, wadda nata ya zauna daram ta yi miki fintinkau. Yatsu kuma su dunƙule suna ƙoƙarin riƙe takalmi, ki gaji tun ba a je ko'ina ba.

Rasa kofi da sauƙi, abin tsoro shi ne rauni. Ƙafa in ta zame gefe sai ta gurɗe, nauyin jiki duka ya faɗa kan jijiyoyin idon sawu na waje, shi ke nan an samu targaɗe. Ga filayenmu yashi da ramuka. Kuma idon sawun da ya taɓa gurɗewa ba wuya ya sake. Ban da bororo a diddige, da farcen da ke baƙi saboda dukan bakin takalmi.

Kada ki ce ai abin 'yan koyo ne. A 2015, a tseren dogon zango na birnin Balin a Jamus, shimfiɗar cikin takalmin Eliud Kipchoge ɗan Kenya ta zame ta leƙo waje yana cikin gudu. Ya dai ci tseren a awa 2 da minti 4, amma ya ƙare da bororo da jini a ƙafa, kuma daƙiƙa 63 suka raba shi da bajintar duniya ta lokacin. In gwanin gwanaye ya ji jiki, ina ga ke?

Sannan ki sani, yawanci diddigen mace ya fi na namiji siranta, shi ya sa takalmin yayanki ke yi miki ƙwal-ƙwal ko da tsawon ya yi daidai. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

To mene ne abin yi? Ki bi mai saye kasuwa da ƙafarki, da yamma, don ƙafa kan ɗan kumbura zuwa lokacin. Ki gwada ƙafa biyun da safar da za ki yi wasa da ita. Ki bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, amma diddige kada ya ɗaga in kin taka. Ki matsa bayan takalmin, in ya lanƙwashe kamar tsumma ki ajiye, araha ba ta ado. Igiya kuma ki zura ta har ramin ƙarshe ki ɗaure, ban da take bayan takalmi kamar silifas.

In tsautsayi ya faɗa, ki bar wasan nan take. A naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar sama, kada a yi saurin ja ko gashi da ruwan zafi. Idan ba ki iya taku 4 a kanta, a kai ki Babban Asibitin Kankiya likita ya duba ko da karaya.

Iyaye mata, don Allah a sa baki wajen sayen nan, rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana ƙafafunmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.