Yadda zafi ke baje ƙananan tudun da ke fuskar ƙarfe

Matatar man Kaduna da ke kusa da Mararaban Rido, wadda aka buɗe a 1980, tana da sashen inganta fetur da ke dogara kan ƙarfen filatinam. Akan yi amfani da shi ne a matsayin ɓurɓushin da ido ba ya gani, domin gwargwadon faɗin fuskar da mai ke taɓawa, gwargwadon saurin aikin.

Zafi ne babban abokin gabar wannan ɓurɓushi. Ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke cikin tsari, amma tun kafin a kai ga narkewa, waɗanda ke kan tudu ko gefe sukan bar mazauninsu su gangara kwari. Sai tudu ya baje, ƙananan ɓurɓushi su haɗe su zama manya, fuskar aiki ta ragu.

Masanin Amurka William Mullins ya yi lissafin bajewar a 1959. Idan a kan fuskar zarra ke tafiya, tudun da faɗinsa ya ragu da rabi yakan baje da saurin da ya ninka sau 16. Shi ya sa injiniyoyin matatu ke sa ido ƙwarai kan zafi lokacin ƙone baƙin dattin da ke taruwa kan filatinam.