Wasan Inuwa: Zanen Da Ba Ya Cin Kuɗi

Wata uwa a ajin yaƙi da jahilci na Maine-Sorowa ta tambaye ni: "Malam, da me ɗana zai koyi zane, alhali ba ni da kuɗin takarda?" Na ce mata ta dubi ƙasa. Rairayi dai muna da shi har ya yi mana yawa, rana kuma ba ta yi mana rowa ba.

Ga yadda ake yi. Da sassafe, yaro ya tsaya a kan rairayi. Ɗan'uwansa ya ɗauki tsinke ya bi gefen inuwarsa a hankali, daga kai har ƙafa. Sai su yi wa zanen ido da ƙwallon dabino, su yi masa riga da tsakuwa. Amma ban da tattasan Komadugu, don yaro ba ya rabuwa da murza ido.

Kada ku raina wannan wasa. Na sha ganin magidanci mai ƙarfin huɗa kadada, amma alli ya gagare shi riƙewa. Hannun da ya saba bin gefen inuwa tun yana ƙarami ba zai sha wahalar baƙi ba.

Yara manya su kafa sanda a fili. Su sa dutse a bakin inuwarta da safe, da tsakar rana, da maraice. Za su ga da safe tana yamma, da maraice tana gabas. A nan ƙasarmu, inuwar tsakar rana tana faɗuwa arewa a lokacin ɗari, a watan Yuni kuma tana komawa kudu. Sau 2 a shekara takan kusan ɓacewa: ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Wanda ya san haka ya san gefen da zai ajiye ƙananan itatuwan da yake reno.

Ku koya musu wannan doka: in inuwarka ta fi ka gajarta, ka koma rumfa ka sha ruwa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce awo 40.

Da dare kuma, a rataya farin zane, a kunna tocila a bayansa. Da yatsu kawai ana fitar da zomo, da kare, da raƙumi. Ko a yanka kwali, a ɗaura shi a kara, a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. In an matsa kusa da tocila inuwa ta girma, in an matsa kusa da zane ta ƙanƙance. A ƙasar Indunusiya manya ma suna irin wannan wasa da fatar da aka yanka.

Tun 2015 iyalai da yawa suka baro bakin Komadugu saboda tashin hankali, suka sauka Difa da Maine. Cikin ƴaƴansu akwai masu firgita da duhu. Irin wannan yaro, kada a tilasta masa. A ba shi tocilar ya riƙe, ya kunna ya kashe da kansa, har ya gane hannunsa ne ke yin kurar.

Kada a yi wasan da fitilar kananzir kusa da zana ko bukka. Babba ya zauna tare da su har su gama.