Gajiyar Sana'a da Janyewa daga Kafafen Sada Zumunta a Tsakanin Masu Ɗora Murya

Ɗora murya sana'a ce ta mutanen da ake jin su ba a ganin su. Su ne ke magana a bakin 'yan katun, da jaruman wasannin kwamfuta, da tallace-tallacen rediyo da talabijin, da littattafan saurare, da fina-finan da aka juya daga wani harshe zuwa wani. A Amurka, Mel Blanc ya shafe kusan shekara hamsin yana yin muryar Bugs Bunny, amma kaɗan ne daga masu kallo za su gane shi a hanya. A Japan sana'ar tana da makarantunta da kamfanonin da ke kula da masu yin ta. A ƙasar Hausa kuma ta samu gindin zama ta wasan kwaikwayon rediyo, sannan ta bunƙasa da fassarar fina-finan Indiya da situdiyoyi irin su Algaita suka shahara da ita, da shirye-shiryen waje da tashar Arewa24 ke juyawa zuwa Hausa. A shekarun nan ana yawan jin masu wannan sana'a suna sanar da cewa za su tafi hutu ko za su rufe shafukansu na intanet, kuma daga cikin dalilan da suke ambatawa har da gajiya.

Gajiyar da ake nufi ta wuce wadda barcin dare ɗaya ke kawarwa. Masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kanta a 1974, bayan ya lura da yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta da ke New York suke sarewa sannu a hankali. Christina Maslach da abokiyar aikinta Susan Jackson suka fitar da ma'aunin gwada ta a 1981. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ta a kundinta na rarrabe cututtuka a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, ba cuta mai zaman kanta ba. Hukumar ta ba ta alamomi uku: ƙarewar kuzari, da fitar aikin daga ran mai yin sa har ya riƙa kallonsa da ƙyama ko halin ko-in-kula, da raguwar ingancin abin da yake yi. Tushenta shi ne matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba.

Matsi na farko a kan mai ɗora murya yana faɗawa a maƙogwaro. Murya tana fita ne daga wasu tantani biyu da ke kaɗawa idan iska ta bi ta tsakaninsu, sau ɗari da wani abu a daƙiƙa ga namiji, kusan ninkin haka ga mace. Ihu da gurnani da maƙe murya suna sa su gogi juna da ƙarfi, su kumbura, wani lokaci har ƙulli ya fito a jikinsu, murya ta dishe. Wasannin kwamfuta sun fi kowane fanni wahalarwa ta nan, domin ana iya sa mutum ya yi ta maimaita ihun faɗa da kururuwar mutuwa na sa'o'i. Wannan na cikin abubuwan da suka sa ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka, SAG-AFTRA, ta shiga yajin aiki a kan wasu kamfanonin wasanni daga Oktoban 2016 zuwa Satumban 2017. Daga cikin buƙatunta har da rage zaman ɗauka mai wahalar da murya daga sa'a huɗu zuwa biyu.

Matsi na biyu shi ne rashin tabbas. Mafi yawan masu sana'ar ba su da albashin wata. Ana biyan su ne gwargwadon aikin da suka yi. Kafin aiki ɗaya ya faɗo, mutum zai aika gwaje-gwajen murya da dama da ba a biyan ko sisi a kansu, sau da yawa kuma ko amsa ba ya samu. Tun daga lokacin annobar korona a 2020 da yawansu suka koma ɗauka a gida, suka zama su ne masu sayen na'ura, su ne masu gyara sauti, suna wuni su kaɗai a ɗan ƙaramin ɗaki. Wanda bai san abin da wata mai zuwa zai kawo ba yana jin tsoron ƙin karɓar aiki, ko da muryarsa tana neman hutu. Fasahar kwaikwayon murya ta ƙara wa fargabar nauyi. A 2021 wata 'yar Kanada mai suna Bev Standing ta kai ƙarar TikTok bisa zargin amfani da muryarta ba da izininta ba, aka sasanta a wajen kotu. A Yulin 2024 SAG-AFTRA ta sake shiga yajin aikin wasannin kwamfuta, wannan karon a kan ƙirƙirarriyar basira, ba a dakatar da shi ba sai a Yunin 2025.

A kan waɗannan ne kafafen sada zumunta suka ɗora nasu nauyin. A da mai ɗora murya yana fita daga situdiyo ya bar aikinsa a can. Yanzu ana sa ran ya tallata kansa, ya sanar da kowane sabon aiki, ya amsa wa masoya, ya tara mabiya, domin akwai tunanin cewa yawan mabiya na taimakawa wajen samun aiki. Wannan aiki ne na biyu, ba shi da lokacin tashi, ba shi da lada a fili. Yana buɗe waya ya ga abokan sana'a suna murnar sabuwar kwangila, ba ya ganin gwaje-gwajen da suka faɗi kafin su kai ga ita, sai ya ɗauka shi kaɗai aka bari a baya.

Mafi muni shi ne yadda wasu masu kallo suke kasa bambance mai murya da wanda yake wakilta. A 2020 Laura Bailey, wadda ta fito a matsayin Abby a wasan The Last of Us Part II, ta wallafa saƙonnin barazanar kisa da aka aiko mata saboda abin da Abby ta aikata a labarin da ba ita ta rubuta ba. Kelly Marie Tran ta goge hotunanta na Instagram a 2018 bayan watanni ana cin zarafinta kan fitowarta a Star Wars, daga baya kuma ta yi muryar Raya a fim ɗin Disney na 2021. Sau da yawa mai murya ba ya iya kare kansa, domin yarjejeniyar sirri da ya sa wa hannu ta hana shi bayyana yadda aka yi aikin.

Janyewar tana da matakai. Wani yana goge manhajar daga wayarsa ya riƙa leƙawa ta kwamfuta, wani yana rufe wurin sharhi, wani yana miƙa shafin ga wakilinsa ya zama na sanarwa kawai, wani kuma yana rufe shi gaba ɗaya. Akwai binciken da ke goyon bayan ragewa: a 2018 masana a Jami'ar Pennsylvania sun taƙaita wa ɗalibai amfani da Facebook da Instagram da Snapchat zuwa kimanin minti 30 a rana na tsawon mako uku, aka ga raguwar kaɗaici da alamomin baƙin ciki a tare da su. Sai dai asarar da janyewar ke jawowa ba ɗaya ba ce ga kowa. Wanda ya yi suna aiki zai biyo shi har gida, sabon shiga kuwa yana iya rasa hanyar da ake sanin sa. Shi ya sa taƙaitawa ta fi rufewa dacewa da yawancinsu.

Barin intanet yana ɗauke kaso ɗaya na nauyin, sauran kuma yana cikin tsarin aikin. Masana murya suna ba da shawarar ɗumama murya kafin ɗauka, da yawan shan ruwa, da ajiye sassan ihu zuwa ƙarshen zama, da yin shiru bayan aiki mai nauyi. Raɗa ba hutu ba ce, domin ita ma tana takura maƙogwaro. A yankunan da ake hunturu, ƙura da busasshiyar iska suna ƙara buƙatar wannan kulawa. Dishewar da ta kai mako biyu zuwa uku tana buƙatar ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, haka nan rashin barci da yanke ƙauna da suka daɗe suna buƙatar ganin masanin lafiyar ƙwaƙwalwa, domin gajiyar sana'a tana iya haɗuwa da ciwon damuwa. Masu situdiyo kuma su ke da ikon ƙayyade tsawon zaman ɗauka, da biyan kuɗi a kan lokaci, da rubuta a yarjejeniya inda za a yi amfani da murya da inda ba za a yi ba, da fitowa su kare ma'aikacinsu idan masu kallo suka yi masa ca.