MADARUNFA: ILIMIN KIMIYYA DAGA LAKWAL ZUWA RUMBU

A ƙasar Madarunfa, idan kaka ta yi, manomi yana da damuwa biyu: ya samu wake, kuma kada ƙwari su riga shi ci. Kowa ya san yadda buhun wake ke komawa gari kafin bazara. Amma yau manoma da yawa suna zuba wakensu cikin buhu mai ninki uku, su ɗaure bakinsa tam, su ajiye shi watanni ba tare da magani ba. An fara yaɗa wannan buhu a shekarar 2007. Masu binciken noma na INRAN da ke Tarna, kusa da Maraɗi, suna cikin waɗanda suka gwada shi.

To, mene ne sirrin buhun? Ɗan lakwal yana iya faɗin sa, in an koya masa da kyau.

Ga yadda darasin yake. Mushe ya kunna kyandir, ya kifa kwalba a kansa. Ba a jima ba wutar ta mutu, ba wanda ya hura ta. Dalili shi ne, cikin iska akwai wani kashi da ake kira oksijan, kashi 21 cikin 100. Da shi wuta ke ci, da shi mutum da dabba da ƙwaro ke numfashi. Idan ya ragu cikin kwalba, wuta ta mutu. Haka yake cikin buhun. Ledoji biyu na ciki suna hana sabuwar iska shiga. Ƙwarin su shaƙe ɗan abin da ke ciki, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Shi ya sa leda mai huda ba ta tsare wake yadda ya kamata. Wanda ya gane dalili ba ya buɗe buhu kullum don ya ɗebi mudu guda.

Wannan shi ne kimiyya: a duba, a tambaya, a gwada, sannan a yarda.

Hanyar koyon ta tana da tsawo. Yaro yana shekara 6 a ƙaramar lakwal. Nan yake koyon lissafi, da yadda iri ke tsira, da dalilin wanke hannu da tace ruwan tabki kafin a sha. Sai koleji, shekara 4, inda ake koyon ilimin jiki da na tsirrai da na sinadarai, a ƙare da jarrabawar BEPC. Sai lise, shekara 3, a yi jarrabawar BAC. Shekara 13 ke nan kafin a kai ƙofar jami'a. A da, sai an tafi Yamai. Tun 2010 Maraɗi tana da jami'arta, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin kimiyya. Ana koyar da ilimin noma da aikin likita a can, kuma daga Madarunfa tafiyar ba ta kai awa guda a mota.

Sai dai yara da yawa suna faɗuwa a hanya. Wani an cire shi ya bi shanu, wata an yi mata aure tana tsakiyar koleji. Uban da ya cire ɗansa ba mugu ba ne: gona na son hannu, kuma shekara 13 ba kwana 13 ba ce. Akwai kuma laifin da ba na iyaye ba. A azuzuwa da dama babu kayan gwaji. Yaro ya haddace darasin kyandir da Faransanci, ya rubuta shi daidai ran jarrabawa, amma bai taɓa ganin wutar ta mutu da idonsa ba. Irin wannan karatu ba ya kai kowa rumbu. Alhali kwalba da kyandir ba su fi ƙarfin kowane ƙauye ba.

Maganar harshe tsohuwa ce. Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, babban malamin kimiyya ne da ya yi aiki a kan amfani da hasken rana. Tun 1964 ya rubuta littafi yana neman a koyar da yaran Afirka da harsunan iyayensu. A 1973 aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji da Hausa a Damagaram. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa. A 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa. Saura littattafai da malaman da za su iya bayyana oksijan da Hausa yadda tsohuwa za ta gane.

Makiyaya ma sun ga amfanin wannan ilimi. Tsofaffi suna tuna bushiya, ciwon da ke share garke cikin ƴan kwanaki. Allurar riga-kafi ce ta kawar da ita, har a 2011 aka bayyana cewa babu ita a duniya duka. Ciwon huhu na shanu kuwa yana nan, don haka ake kiran garke wurin allura kowace shekara.

Ga kuma murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi tana barin zane kamar an naɗa igiya. Masu bincike na Maraɗi suna kiwon wani ɗan ƙwaro, ƙarami ƙwarai, wanda ke harbin tsutsar ya sa ƙwai a jikinta. Ƴaƴansa su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana kai shi ƙauyuka cikin ƙananan buhuna, a rataye su kusa da gonaki lokacin da hatsi ke fidda kai. Ƙwarin su fito da kansu su bazu. Ba ya cin hatsi, ba ya harbin mutum. Amma idan aka fesa magani a gonar bayan an sake shi, da shi da tsutsar duka za su mutu.