Ɗingishin Yara Mata Da Aikin Canjin Kwatangwalo

Akwai wata yarinya a ajina mai ɗingishi, kowa yana cewa shan inna ne. Da aka ɗauki hoton ƙashinta sai aka ga ashe tun haihuwa kwatangwalonta bai zauna daidai ba.

Ku duba turmi da taɓarya. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi a ƙugu. Wasu jarirai gurbin nasu ba zurfi, sai kan ƙashin ya riƙa zamewa sama. Ya fi samun 'ya'ya mata, da 'yan fari, da wanda ya zo da gindi wajen haihuwa.

In ba a lura ba, tun mace tana da sauran ƙuruciya gaɓar za ta cinye, ga zogi, tsugunno ma ya gagara. Nan ne ake canjin kwatangwalo, aikin da likita John Charnley ya inganta a Ingila a 1962: a cire kan ƙashin a sa na ƙarfe, a dasa ƙoƙo a gurbin. To, ga mai wannan lalura wuyar aikin ita ce inda za a dasa ƙoƙon. Ƙashin ya daɗe zaune a sama har ya yi wa kansa gurbin ƙarya. Galibi likitoci sun fi son komar da ƙoƙon gurbinsa na asali, don a can tsokoki suka fi aiki da kyau. Amma wurin ƙarami ne, wani lokaci sai an yi masa ciko da ƙashin da aka cire. In kuma aka janyo ƙafar ƙasa da yawa, babbar jijiyar da ke bin bayan cinya tana iya taɓuwa, shi ya sa akan rage tsawon ƙashin cinyar.

Ni dai na fi so kada a kai ga wannan. Goyonmu na baya, ƙafafu a ware, yana taimaka wa gurbin ya yi zurfi. Ɗaure ƙafafun jinjiri a miƙe cikin zane kuwa illa ne. Japan ta yi gangamin hana haka a 1975, ciwon ya ragu ƙwarai.

Wajen wankan jinjiri ki duba da kyau. In cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar 'yar'uwarta, ko ƙafa ɗaya ta fi gajarta, kai shi asibiti, kada a ba mai ɗori ya ja. A watannin farko wata ɗamara mai riƙe ƙafafu a ware takan isa, ba sai an yi tiyata ba.