FASHIN BAƘI: Abin da ya kamata mai Hilux ko jif ya sani kafin ya sayi taya a Katsina

Motar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi ƙauyukan Batsari, Safana ko Ɗanmusa za ta taka ƙasa iri uku ko huɗu kafin ta isa: kwalta, burji, rairayi, idan kuma damina ce har da taɓo. Wannan ne ya sa masu Hilux da jif a jihar suke raja'a ga tayar nan mai manyan haƙora, wadda ake rubuta wa AT a gefe, wato wadda aka ƙera domin kwalta da daji baki ɗaya.

Sai dai yawancin masu saye haƙoran kawai suke dubawa, sannan su tambayi farashi. Abubuwan da ke raba taya mai aminci da mai kisa, wato shekarunta, nauyin da za ta iya ɗauka da juriyarta ga zafi, duk a rubuce suke a jikinta, amma kaɗan ne ke tsayawa su karanta.

Sakacin ba ya barin babba ko ƙarami. A ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta jif ɗin da suke ciki ta fashe, motar ta wuntsila. Idan hakan ta faru da motar minista, to motar haya da ke jigilar 'yan kasuwa zuwa Jibiya ba ta da wani tabbaci.

Taya iri uku, aiki iri uku

Masu ƙera taya sun kasa tayoyin manyan motoci gida uku. Akwai HT, tayar kwalta, mai ƙananan haƙora a matse. Ba ta da ƙara, ba ta jan mai da yawa, kuma ta fi kama birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Akwai MT, tayar taɓo, mai haƙora manya-manya da faffaɗan giɓi a tsakaninsu domin watsar da laka. A kan kwalta tana da ƙugi, tana saurin cinyewa. Ita kuwa AT tana tsakiyar biyun: haƙoranta sun fi na HT zurfi, gefenta ya fi ƙwari wajen jure dutse da ƙaya, amma ba ta kai MT wahalarwa a kan titi ba.

Kowane zaɓi da asararsa. Taya mai manyan haƙora ta fi nauyi, ta fi turjiya a kan kwalta, don haka injin ya fi shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan bambanci ya zama abin lissafi. Ma'aikacin da motarsa ba ta wuce sakatariya, makarantar yara da hanyar Kano ba shi da buƙatar AT, sai dai don ado. Wanda ke zuwa gona, ko ma'aikacin lafiya mai kai rigakafi ƙauye, ko jami'in tsaro mai sintiri a gefen dajin Rugu, shi ne AT ta dace da shi. MT kuwa ba ta da riba sosai a yankin da damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuma rairayi ne da busasshiyar ƙasa.

Yadda ake karanta jikin taya

Rubutu na farko shi ne girma. A Hilux da dama za a ga 265/65 R17. Lamba 265 faɗin taya ce a milimita. Lamba 65 na nufin tsayin gefen taya kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin. Lamba 17 kuma girman rim ne a inci. Girman da kamfanin mota ya amince da shi yana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Sanya wadda ta fi shi girma don mota ta yi kwarjini na sa mitar gudu ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun, yana kuma ƙara wa birki da giya wahala.

Bayan girma sai lamba da harafi, misali 112T. Lamba 112 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,120. Harafin T na nufin iyakar gudunta kilomita 190 a awa. S na nufin 180, R 170, Q kuma 160. Tayar da aka rubuta wa LT a gaban girmanta an yi ta ne domin dakon kaya, ƙirarta ta fi ƙarfi. Mai a-kori-kura da ke loda buhunan gero da masara daga kasuwannin ƙauye ita ya kamata ya nema. Doka ɗaya ce a nan: ba a sayen tayar da lambar nauyinta ta gaza wadda kamfanin mota ya rubuta.

Rubutu na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci a kasuwar Najeriya, shi ne ranar ƙira. A ƙarshen jerin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2322, an ƙera tayar a mako na 23 na 2022. Idan lambobin uku ne kacal, tayar ta girmi shekarar 2000.

Roba na tsufa ko da ba a taka ta ba. Tana bushewa, tana tsattsagewa, ɗankon da ke riƙe ta da wayoyin ciki yana saki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana shaida wa direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Kamfanin Michelin kuwa shawararsa ita ce a riƙa kai taya ga ƙwararre duk shekara bayan ta yi shekara biyar a aiki, kuma a cire ta idan ta kai goma ko da haƙoranta na nan. Ko wanne aka bi, tayar da ta shekara uku a shago, ana baje ta a rana kullum, ba sabuwa ba ce, ko da ledarta na jiki.

Zafi ne babban abokin gaba

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi a ciki, har saman taya ya ɓare daga jikinta. Idan aka haɗa da lodi da gudu, fashewa ta zo kusa.

Duniya ta ga misalin haka. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, samfurin ATX, ATX II da Wilderness AT, waɗanda akasari ke kan jif ƙirar Ford Explorer, bayan haɗurran da suka ci rayuka da dama. Matsalar ta fi bayyana a wurare masu zafi, kamar kudancin Amurka, Saudiyya da Benezuwela. A shekarar ce majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da daga baya ta wajabta sanya na'urar gargaɗin raguwar iskar taya a sababbin motoci. Darasin shi ne, har tayoyin fitaccen kamfani ma sun gaza a zafi.

Don haka ana gwada iska da safe kafin mota ta yi tafiya, da geji, ba da bugun ƙafa ba. Adadin da za a bi shi ne na takardar ƙofar direba. Wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, kuma masu faci da yawa na rikita biyun. Direbobin da ke rage iska don ratsa rairayi sun yi daidai, amma wajibi ne su mayar da ita kafin su hau kwalta su ware gudu.

Me ya sa gwanjo ta cika kasuwa?

Najeriya ta taɓa ƙera tayoyinta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya dakatar da ƙira a Ikeja a 2008, dukansu suna kuka da tsadar wutar lantarki da gasar tayoyin waje. Tun daga nan ƙasar ta dogara da shigo da kaya. Da aka saki naira a Yuni 2023, farashin sabuwar taya ya bi dala ya tashi.

Giɓin da ya buɗe, tayar gwanjo ce ta cike shi, wadda ake kira Baljiyam ko tokumbo. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, in ban da wasu manyan tayoyin tirela da ake sabunta wa sama. Duk da haka ana sayar da su a fili a kowane babban gari. Akwai kuma wata dabara da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta sha kokawa a kai: cusa sababbin tayoyi cikin juna don kwantena ta ɗauki da yawa. Hakan na karya wayoyin ciki, lahanin da ido ba ya gani sai mota na kan gudu.

Mai saye zai iya kare kansa da abubuwa kaɗan. Ya duba ranar ƙira a kan kowace taya, har da safaya. Ya shafa gefe ko akwai kumburi ko tsaga. Ya leƙa ciki ko an taɓa yin faci kusa da gefe, domin facin gefe ba ya riƙewa. Ya kula da haƙoran da aka sake sassaƙawa da wuƙa don su yi zurfi. Tsakanin haƙora akwai ɗan tudun alama; idan sama ya cinye ya yi daidai da shi, saura milimita 1.6, tayar ta gama aiki. A motar da ke ja da ƙafa huɗu, tayoyin su kasance girma ɗaya, samfuri ɗaya. Sannan ya karɓi rasit.

Inda maganar ta shafi kuɗin jama'a

Ba masu zaman kansu kaɗai ke sayen irin waɗannan motoci ba. Gwamnati ma babbar mai saye ce. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, aka raba mata motocin sintiri da babura. Haka nan 'yan sanda, ma'aikatu da ƙananan hukumomi 34 duk suna da motocin aiki.

Ranar rabon mota akwai kyamara da jawabi. Sauyin taya kuwa ba shi da biki, alhali shi ke tabbatar da ko motar za ta isa ƙauyen da aka kai wa hari cikin dare ko za ta tsaya a hanya. Taya kaya ce da ke cinyewa, tana shiga kasafin gyara da kula da motoci shekara bayan shekara, kuma irin wannan layi na kasafi ba kasafai ake bin diddiginsa ba.

Abin da ya sa ya fi sauƙin bincike shi ne shaidar tana a bainar jama'a. Duk wanda ya tsaya kusa da motar gwamnati zai iya karanta lambobi huɗun nan. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun sayayya, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Tambayoyin da za a yi a bayyane suke: nawa aka ware wa tayoyi, wane kamfani ya kawo, wane samfuri aka biya, wane ne kuma aka ɗaura. Idan takarda ta ce an sayi sababbi bana, amma jikin taya ya nuna shekara shida da ƙira, akwai jami'in da ya kamata ya yi bayani.