Shin Annabi Isa (AS) "Rabbi" Ne na Yahudawa?



'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu muna zaune da maƙwabta Kiristoci, kasuwarmu ɗaya, makarantar 'ya'yanmu ɗaya. Wani lokaci ɗalibi yakan ji an ce a cikin littattafan Linjila da ke hannunsu almajiran Annabi Isa (AS) suna kiransa "Rabbi". To, da yake mu mun saba da "Ya Rabbi" a addu'a, sai ya ɗauka Ubangiji suke kiransa. Wani kuma sai ya ji masana tarihi na cewa Isa "rabbi ne na Yahudawa", ya rasa yadda zai haɗa wannan da karatunsa na islamiyya. Bari mu warware maganar.

Mu fara da kalmar. Larabci da Ibrananci 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa furucin ya zo iri ɗaya. Amma a Ibrananci "rab" na nufin babba, "rabbi" kuma babbana ko malamina. Haka almajiri ke kiran wanda yake ɗaukar karatu a wurinsa, kamar yadda muke cewa Malam ko Shehu. Littafin Yohanna da kansa, a 1:38, ya fassara kalmar da malami. A 3:26 kuma almajiran Annabi Yahya (AS) sun kira shi da ita, alhali ba wanda ya ce Yahya Ubangiji ne. Ka ga ke nan wannan kalma ba hujjar allantaka ba ce.

Sai tarihi. A zamanin Isa, "rabbi" girmamawa ce kawai, ba muƙami ba. Manyan malaman Yahudawa irin su Hillel da Shammai, waɗanda suka yi zamani gab da shi, da sunansu kawai ake ambatonsu. Bayan Romawa sun rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya ne malamai suka taru a garin Yabne ƙarƙashin Yohanan ɗan Zakkai, kalmar ta fara zama laƙabin wanda aka ba izinin koyarwa da yanke hukunci. Wajen shekara ta 200 aka tattara hukunce-hukuncensu a littafin Mishna. Saboda haka, in ana nufin rabbi irin na yau, mai shaida da muƙami, wannan tsari bai kafu ba tukuna lokacin Isa.

To me masana tarihin suke nufi? Suna nufin cikin Bani Isra'ila aka haife shi, ya tashi a Nazarat ta yankin Galili, yana magana da Aramiyanci, yana koyarwa a majami'un Yahudawa, yana kafa hujja da Attaura, yana buga misalai, almajirai na biye da shi. Jigon wannan bai saɓa wa Alƙur'ani ba. Suratu Ali Imrana, aya ta 48 zuwa 50, ta nuna Allah ne Ya sanar da shi Attaura da Linjila, Ya aiko shi zuwa ga Bani Isra'ila yana gaskata Attaurar da ta gabace shi. Aya ta 6 ta Suratus Saffi ma haka ta nuna. Don haka kada ɗalibi ya yi gardama a kan cewa Isa daga Bani Isra'ila yake, ta wajen mahaifiyarsa Nana Maryam.

Inda muka rabu da su shi ne matsayi. Alƙur'ani yana da sunayen da yake kiran malaman Yahudawa da su, wato rabbaniyyun da ahbar, kuma a Suratul Ma'ida aya ta 44 ya ambace su daban da annabawa. Malami gadon littafi ya yi, aikinsa ya kiyaye, ya fassara, ya yi fatawa. Annabi kuwa wahayi ake yi masa. Shi ya sa Isa ya zo da halatta wani sashe na abin da aka haramta wa mutanensa, abin da babu malamin da ke da ikon yi. Suratut Tauba aya ta 31 ma ta zargi waɗanda suka ba malamansu irin wannan iko.

Ga amsar a taƙaice. Idan "rabbi" na nufin malamin da ya koyar cikin Bani Isra'ila, e, an kira shi haka. Idan ana nufin iyakarsa ke nan, a'a, Manzo ne, ɗaya daga cikin Ulul Azmi biyar. Idan kuma ana nufin Rabbi ta Larabci, wannan ta Allah ce Shi kaɗai, kuma a Suratu Maryam aya ta 30, farkon abin da Isa ya furta yana jariri shi ne cewa shi bawan Allah ne.

Idan zancen ya taso tsakaninmu da maƙwabci, mu fara tambayarsa wace ma'ana yake nufi, sannan mu amsa cikin ladabi, kamar yadda Suratul Ankabut aya ta 46 ta umarce mu game da Ma'abuta Littafi. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wallahu a'alam.